Suturar kariya daga tartsatsin lantarki mai kalori 40: abin da ta iya da inda ta gaza

Kayan da zan yi bayani a kansu cikakkiyar suturar kariya ce ta ma'aikacin lantarki, irin wadda ake sayarwa a jaka ɗaya: riga mai kauri, wando mai igiyar kafaɗa wanda ke hawa har ƙirji, hula mai gilashi da ke rufe kai da fuska da wuya tare da 'yar fankarta, hular kwano, sai safar hannu ta roba da ta fata. An rubuta a jikinta cewa tana jure zafin da ya kai kalori 40 a kowane murabba'in santimita. Sashenmu na gyaran lantarki ya daɗe yana aiki da ita, ta sha wanki, ta sha gumi, kuma mutane masu jiki iri-iri sun saka ta, don haka ina da abin faɗa a kanta wanda ya wuce na tallar masu sayarwa. Ɗinkinta da yadinta sun gamsar da ni, hularta ta fi duk wadda na taɓa sakawa, amma zafinta matsala ce ta gaske, kuma takardar bayanin da aka haɗo ta da ita ta bar mai saye cikin duhu a kan abin da ya fi komai muhimmanci.

Idan aka ambaci haɗarin lantarki, yawancin mutane jan wuta ne ke zo musu a rai, wato mutum ya taɓa waya wuta ta bi ta jikinsa. Wannan riga ba don haka aka ɗinka ta ba. An yi ta ne saboda ranar da wuta za ta bar hanyarta ta tsallaka ta cikin iska, daga wannan waya zuwa waccan ko zuwa jikin fanel, wato akwatin ƙarfen da ke ɗauke da makunnai da wayoyin rarraba wuta, ta yi bindiga a gaban ma'aikaci. Sukudireba da ta suɓuce daga hannu tana iya jawo wannan, haka ma ƙura da danshi, ko noti da ya saki ya yi ta ɗaukar zafi, ko rufin waya da ya tsufa, ko ɓera da ya shiga inda bai kamata ba. Zafin tsakiyar irin wannan tartsatsi yana iya kaiwa digiri 19,000 a ma'aunin Selsiyos, alhali na fuskar rana bai wuce kimanin 5,500 ba. Jan ƙarfen da ke wurin yakan narke ya zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 67,000, kuma wannan kumburi na farat ɗaya shi ne ke ɓalle ƙofar fanel, ya watsa narkakken ƙarfe, ya yi ƙarar da ke wuce dasibel 140. Ba sai mutum ya taɓa komai ba, tsayuwa kusa kaɗai ta isa. Injiniya Ralph Lee na Amurka yana cikin waɗanda suka fara jawo hankalin masana ga lissafin wannan zafi, a wani rubutu da ya fitar a 1982, kuma abin da aka tabbatar tun daga lokacin shi ne, ƙuna mafi muni sau da yawa takan zo ne daga tufafin da suka kama da wuta suka ci gaba da ci a jikin mutum bayan tartsatsin ya mutu.

Kafin a gane ko lamba 40 babba ce ko ƙarama, sai an san inda fata ke fara lalacewa. Kalori 1.2 a kowane murabba'in santimita ya isa ya sa fatar da ba a rufe ba ta yi bororo, wato ƙuna mai mataki na biyu. An saba kwatanta kalori ɗaya da ɗora yatsa a kan harshen wutar laita na daƙiƙa guda. Ƙa'idar NFPA 70E ta Amurka, wadda aka fara bugawa a 1979 kuma ake sabunta ta duk shekara 3, ta kasa suturar kariya gida huɗu: rukuni na ɗaya kalori 4, na biyu 8, na uku 25, na huɗu 40. Ke nan wannan da nake magana a kanta ta rukunin ƙarshe ce, wadda ake ɗaukowa a ranar aiki mai nauyi, kamar zare babbar bireka, wato na'urar da ke katse wuta idan an samu matsala, daga mazauninta ko mayar da ita.

Inda na fi son mai karatu ya natsu shi ne ma'anar lambar kanta, domin a nan ne na ga ƙwararru ma suna yi mata fahimtar da ba daidai ba. A kan tambarin da ke cikin wuyan rigar an rubuta ATPV 40. Wannan ba alkawari ba ne cewa wanda ya saka ta zai fita lafiya lau daga tartsatsi mai kalori 40. A ɗakin gwaji, bisa tsarin ASTM F1959 ko IEC 61482-1-1, ana shimfiɗa yadin a kan na'urorin auna zafi, a harba masa tartsatsi na gaske sau da dama, sannan a kwatanta zafin da ya ratsa shi da ma'aunin ƙunar fata wanda ya samo asali daga binciken wata masaniyar kimiyya mai suna Alice Stoll. Lambar ATPV da ake bugawa ita ce ƙarfin da a kansa yiwuwar samun ƙuna mai bororo ta kai kashi 50 cikin 100. Akwai kuma lamba ta biyu mai suna EBT, wato ƙarfin da a kansa yiwuwar yadin ya huje ta kai rabi, kuma wadda ta fi ƙanƙanta cikin biyun ita ce ake ba yadin a matsayin darajarsa. Saboda wannan rabi da rabi ne aka fito da wata lamba a tsarin IEC mai suna ELIM, wadda ke nuna iyakar da a ƙasa da ita gwajin bai nuna zafin da ya kai na ƙuna ba. Masu wannan sutura sun buga ATPV a fili, sun kuma turo takardar gwajin ba tare da jan rai ba lokacin da muka nema, abin da ya kamata a yaba musu a kansa. Sai dai ba su sa ELIM a tambarin ba, kuma ina ganin ya dace su sa, domin ita ce ta fi kusa da abin da ma'aikaci ke tsammani idan ya dubi lambar da ke jikinsa. Shawarata ita ce a bar tazara mai kyau tsakanin ƙarfin da aka lissafa a wurin aiki da lambar rigar.

A ɓangaren ɗinki ba ni da ƙorafi mai yawa. Yadin hawa-hawa ne, kuma irin wanda rashin kama wutarsa a cikin zarensa yake, ba audugar da aka tsoma a sinadari ba, don haka wanki ba ya rage masa wannan hali. Zif ɗin rigar yana ɓoye a ƙarƙashin shafi mai faɗi, ta yadda babu ƙarfen da ke leƙowa waje kuma babu wanda ke taɓa fata ta ciki. Bakin hannu saƙaƙƙe ne mai kama wuyan hannu, yana shigewa cikin safa ba tare da ya tattare ba. Wandon yana hawa har ƙirji, rigar kuma tana sauka ƙasa da ƙugu, saboda haka ko mutum ya sunkuya ko ya miƙa hannu sama, ba a ganin tsaga tsakaninsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin zafi ta kafa yake shiga. Abin da bai yi mini ba shi ne ƙafar wandon: faɗinta bai isa a zura takalmin aiki cikin sauƙi ba, kuma mai babbar ƙafa sai ya zauna ya cire takalmi kafin ya saka. Duk abin da ya ƙara wa saka kaya wahala yana ƙara wa ma'aikaci dalilin cewa aikin ai na minti biyu ne, ba sai an saka ba.

Hular ita ce ta ciri tuta. Wanda ya yi aiki da tsofaffin huluna masu koren gilashi ya san yadda suke rikita launi, har shuɗiyar waya da koriya su so su zama ɗaya a ido, musamman a ɗakin da hasken bai wadata ba. Gilashin wannan ruwan toka ne, launuka suna fitowa kusan yadda suke, kuma ana iya karanta lambobin mita da ƙananan rubutun jikin bireka ba tare da an kai fuska kusa ba. Wannan yana da nasaba kai tsaye da tsaro, domin zafin da ke isa ga mutum yana ƙaruwa sosai da ya matsa kusa, kuma lissafin da ake yi wa ƙananan fanel an gina shi ne a kan cewa fuska da ƙirji suna nesa da kimanin santimita 45. Faɗin gilashin ma ya isa a ga gefe da gefe. Inda ya gaza shi ne duban ƙasa: mutum ba ya ganin ƙafafunsa sai ya sunkuyar da kai gaba ɗaya, don haka dole a share hanya, a kwashe kebur da kayan aiki daga ƙasa kafin a rufe fuska.

Na tsaya na kalli wani abokin aiki yana gwada wuta a wani fanel sanye da ita, fankar a kashe saboda batir ya ƙare. Kafin ya gama gwada layi na biyu, hazo ya fara taruwa daga ƙasan gilashin yana hawa sama, na ga yana karkata kai yana neman wurin da ya rage a share, sai kuma hannunsa na hagu ya tashi zuwa gefen hular. Hannun nan da ya tashi shi ne haɗarin, domin abin da ke biyo baya shi ne ɗaga hula a gaban buɗaɗɗen fanel. Na dakatar da shi, ya ja baya, aka sauya batir. Da fankar ta kama, hazon ya washe nan take, numfashinsa ma ya daidaita, domin iskar da mutum ke fitarwa ba ta taruwa a cikin hular. Don haka ban ɗauki fankar nan a matsayin ƙarin jin daɗi ba, wani sashe ne na kariyar. Abin takaici shi ne babu wata fitila ko ƙara da ke sanar da cewa batir ya kusa ƙarewa, sai dai mutum ya ji iskar ta yi rauni. Mun magance wannan da ajiye batir na biyu a jakar da kuma kunna fankar kafin kowane aiki, amma gyaran na masu ƙerawa ne. Ƙarar fankar kuma, haɗe da matoshin kunne da ƙa'ida ta wajabta, tana sa magana ba ta jiyuwa sosai, saboda haka sai an yi shawarar alamun hannu da abokin aikin da zai tsaya a baya yana lura tun kafin a fara.

Zafi kuwa babu yadda za a yi a ɓoye shi. Ɗakin taransifoma da ɗakin bireka ba wurare ne masu sanyi ba, kuma wanda ya shiga cikin wannan kaya ba ya jimawa zai yi sharkaf da gumi. Ta fi tsofaffin irinta sauƙin nauyi, wannan gaskiya ne, amma har yanzu sutura ce mai hawa-hawa wadda ba ta barin iska ta ratsa. Gajiyar zafi tana rage natsuwa, hannu ya fara rawa, tunani ya yi nauyi, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke sa sifana ta faɗa inda ba a so. Saboda haka muke tsara aikin tun a waje, a jera kayan da za a buƙata, a sha ruwa, a shiga a yi abin da ya kawo mutum a fita. Wanda yake tunanin zai saya wa ma'aikatansa ita su wuni a ciki, bai san abin da yake saye ba.

Safar robar da ta zo a jakarmu ta aji 2 ce, mai rawayar alama, wadda ake aiki da ita har bolt 17,000. Tana da kyau, amma ta yi kauri ga wanda aikinsa bai wuce bolt 400 ba, inda ta aji 0 mai jar alama, ta bolt 1,000, za ta fi ba shi damar riƙe ƙananan abubuwa. Ya kamata a bar mai saye ya zaɓi aji da girman hannu. Ko wacce aka ɗauka, ana hura mata iska a duba huda kafin kowane aiki, ana ɗora ta fata a kanta, kuma dokar Amurka ta ce a kai ta gwajin lantarki duk wata 6.

Babban ƙorafina yana kan takardar bayani. Ta nuna yadda ake saka kayan da hotuna masu kyau, amma abin da za a saka a ƙarƙashinsu layi ɗaya kawai ta ba shi, da ƙananan haruffa. Singileti ko rigar ciki ta nailan ko foliyesta tana narkewa idan zafi ya ratsa, ta manne da fata, ta mayar da ƙaramar ƙuna babba. Yadin da ba ya narkewa kamar auduga zalla, ko yadi mai lambar kariya, kaɗai ya dace a sa a ciki, kuma wannan gargaɗi ya cancanci shafin farko. Haka nan ba ta ambaci tabarau na kariya da matoshin kunne da takalmin fata ba, alhali rukuni na huɗu bai cika ba sai da su, kuma babu su a cikin jakar.

Mafi girma daga wannan, takardar ba ta gaya wa mai saye yadda zai san ko kalori 40 ya dace da wurinsa ba. Mutane da yawa suna zaton yawan bolt ne ke nuna girman haɗari, alhali ba shi kaɗai ba ne. Zafin da zai isa ga ma'aikaci ya dogara ne ga yawan wutar da za ta kwarara idan an samu gajeriyar hanya, wato wuta ta tsallaka kai tsaye daga waya zuwa waya ko zuwa jikin akwati, da tsawon lokacin da bireka ko fis za su ɗauka kafin su katse, da tazarar da ke tsakanin mutum da wurin, da kuma siffar akwatin. Lokacin nan shi ne ya fi ba da mamaki. Idan tartsatsin ya ninka daɗewa, zafin ma kusan ninkawa yake yi, kuma wani lokaci wutar da ba ta da yawa sosai ta fi haɗari, domin ba ta isa ta sa bireka ta katse nan take ba, sai ta tsaya jira. Shi ya sa fanel mai bolt 400 da ke daf da babbar taransifoma zai iya fin wani mai bolt 11,000 zafi. Ana yin wannan lissafi ne bisa ƙa'idar IEEE 1584, wadda ta fito a 2002 aka sabunta ta a 2018, kuma ta shafi wuta mai layi uku daga bolt 208 zuwa 15,000. Bayan lissafin sai a manna wa kowane fanel takardar gargaɗi mai nuna ƙarfin wutarsa, da iyakar da ba a ƙetarewa ba tare da kariya ba, da ƙarfin zafin ko rukunin suturar da ake buƙata, sannan a sake duba lissafin aƙalla duk shekara 5 ko kuma duk lokacin da aka yi babban sauyi. Idan babu wannan, mai rigar yana tafiya ne a kan zato. Lissafin ma yana ɗauka cewa bireka za ta katse a kan lokacinta, don haka birekar da ta shekara da shekaru ba a duba ta ba tana iya ƙaryata lambar da ke manne a ƙofarta.

Wanki bai ba mu wahala ba. Ana wanke ta ita kaɗai, ba a sa mata bilic, ba a sa sinadarin tausasa tufafi, domin yana barin wani shafi a kan zare wanda ke iya kama wuta. Maiko da man inji su ne manyan abokan gabarta, tunda su ne za su ci da wuta ko da yadin bai ci ba, kuma rigar da mai ya jiƙa har ya ƙi fita ta tashi daga aiki. Launinta ya ɗan kwanta bayan wanki da yawa, amma ɗinkin bai saki ba, tambarin ma yana karantuwa. Gilashin hula kuwa da ruwa da sabulu marar ƙarfi ake goge shi da tattausan ƙyalle, kuma idan ya karce ko ya tsage ana iya cire shi a sa sabo ba tare da an sayi wata hular ba.

Akwai abin da babu yadin da zai yi, komai kaurinsa. Wannan sutura zafi take tarewa, ba ta hana ƙarfin fashewa ya jefar da mutum, ba ta tsayar da babban ɓallin ƙarfe, kuma in ban da safar roba babu abin da ke kare jan wuta a cikinta. A jerin matakan da NFPA 70E ta shimfiɗa, suturar kariya ita ce ta ƙarshe cikin shida, na farko kuwa shi ne kawar da haɗarin ɗungurungum, wato a kashe wuta, a sa kwaɗo da takardar suna a kan makunnin, a tabbatar ta mutu. A tsakani akwai dabarun da ke rage zafin tun daga tushe, kamar na'urar da ke ganin hasken tartsatsi ta umarci bireka ta katse cikin 'yan dubunnan kashi na daƙiƙa, da makunnin da ke sa bireka saurin katsewa a lokacin gyara, da injin zare bireka daga nesa. Kamfanin da ya sayi wannan kaya don ya samu hujjar tura mutane aiki a kan wuta mai rai ya juya abin a baibai, kuma wannan ne ya fi damuna a duk lokacin da na ga ana tallarta kamar ita ce maganin komai.

A wurinmu an fi ɗauko ta ne a daidai lokacin da ake tabbatar da cewa wuta ta mutu, domin har sai mita ta shaida, ana ɗaukar kowace waya a matsayin mai rai. Ana gwada mitar a inda aka san akwai wuta, a gwada wayoyin da aka kashe ɗaya bayan ɗaya, a koma a sake gwada mitar, sannan ne ake cire hula. A wannan aiki, da zare manyan bireka da mayar da su, ta yi rawar gani, kuma ina ba da shawarar sayenta ga duk masana'anta ko asibiti ko tashar wuta da lissafinsu ya nuna zafin da ya haura kalori 25 amma bai kusanci 40 ba. Waɗanda yawancin fanel ɗinsu ba su wuce kalori 8 ba, riga da wando na rukuni na biyu da ake wuni da su, tare da garkuwar fuska da hular saƙa mai rufe wuya, sun fi yi musu amfani, sai su ajiye irin wannan ɗaya ko biyu saboda wuraren da suka fi zafi. Kafin a biya kuɗi, a nemi takardar gwajin yadi da ta hula daban-daban, a tambayi lambar ELIM, a sa mafi girman jiki da mafi ƙanƙanta a cikin ma'aikata su gwada ta da takalmansu a ƙafa, kuma a haɗa da batir na biyu na fanka a cikin odar.